Ranar 'yan mazan jiya: ina sunayen sojojin unguwannin talakawa suke shiga?

Duk ranar 15 ga Janairu gidajen talabijin kan nuno abu iri ɗaya. Shugaban ƙasa da manyan hafsoshi su hallara a Abuja, daura da dandalin Eagle Square, su ajiye furanni a wurin tunawa da sojan da ba a san sunansa ba. A busa begila, a harba bindiga, a saki fararen tantabaru. Gwamnoni su yi kwatankwacin haka a jihohinsu, kafin la'asar kowa ya watse. A daidai wannan lokaci, a Kakuri ta Kaduna, ko Birged ta Kano, ko Gwange ta Maiduguri, akwai tsohuwar da ta san sunan soja guda sarai. Ta san ranar da ya ɗauki jaka ya tafi Defo a Zariya, ta kuma san makon da wayarsa ta daina shiga.

Tambayar da ake yawan yi ita ce, bikin nan na wane ne? Wasu na cewa na manya ne. Wasu na ɗauka murnar juyin mulkin 1966 ake yi. Wasu kuma na ganin al'adar Nasara ce da ba ruwan Musulmi da ita. A ƙarƙashin waɗannan duka akwai tambayar da ta fi su nauyi: in kurtu ɗan unguwa ya faɗi a fagen daga, ina ake rubuta sunansa, kuma wa ke riƙe da shi bayan shekara ashirin?

Me ya sa 15 ga Janairu?

Asalin ranar daga Ingila ne. An tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya da ƙarfe 11 na safiyar 11 ga Nuwamban 1918, shi ya sa ƙasashen rainon Ingila suke tunawa da mamatan yaƙi a ranar. Nijeriya ma da haka ta fara. Daga baya ta mai da ranar zuwa 15 ga Janairu, domin a ranar ce, a 1970, Philip Effiong ya miƙa wuyan Biyafara ga Janar Yakubu Gowon a Barikin Dodan da ke Legas, yaƙin basasar da ya faro a Yulin 1967 ya zo ƙarshe.

Ruɗanin ya samo asali ne daga haɗuwar ranaku. A 15 ga Janairun 1966 ne aka kashe Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello, aka ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa aka kashe, tare da hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Muhammad, Laftanar Kanar Abogo Largema da Laftanar Kanar James Pam. Mutumin Arewa da ya ji ana fareti a wannan rana, ba laifinsa ba ne in ransa ya sosu. Amma a hukumance ƙarshen yaƙi ake tunawa, da duk sojan da ya mutu a yaƙe-yaƙen duniya biyu, da na basasa, da aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango, Laberiya, Saliyo da Darfur, da kuma yaƙin da ake yi yanzu da Boko Haram da 'yan bindiga.

Kalmar "'yan mazan jiya" ma tana rikitar da mutane. A bakin jama'a tana nufin tsofaffin sojoji da ke raye, waɗanda ake gani da lambobin yabo a ƙirji. Ranar ta haɗa su da mamata. Ɗan bajon da ake maƙalawa a riga kuwa, ana sayar da shi ne don tara kuɗin tallafi ga tsofaffin sojoji da iyalan waɗanda suka rasu, tare da ƙungiyarsu ta Nigerian Legion.

Dalilin da ya sa unguwannin talakawa suka fi ba da 'ya'ya

Tun fil azal haka abin yake. Rundunar da ake ɗauka a matsayin tushen sojan Nijeriya, wadda John Glover ya kafa a Legas a 1863, da Hausawa aka fara ta, da yawansu bayin da suka tsere. Da aka kafa rundunar Afirka ta Yamma a ƙarƙashin Lugga, Hausa ta zama harshen bariki, har a Gwalkwas, wato Gana ta yau. Ɗan sarauta da ɗan attajiri ba su cika shiga kurtu ba. Ɗan ci-rani ne, da maraya, da wanda haraji ya koro daga ƙauye, da wanda hakimi ya miƙa don cika adadin da Turawa suka nema.

A yaƙin basasa rundunar ta kumbura daga mutum wajen 10,000 zuwa kimanin 250,000 cikin shekara uku. Irin wannan ɗiba ba a yin ta sai daga tasha, da kasuwa, da bakin masaƙa. A zamaninmu kuma, duba Kakuri: unguwa ce da ta tashi da masaƙu, na farkonsu ya buɗe a 1957, sannan a shekarun 2000 manyan cikinsu suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Yaron da mahaifinsa ya yi shekara talatin a gaban injin saƙa ya gama sakandare, ba masaƙa, ba kuɗin jami'a. Aikin soja na karɓar takardar sakandare, yana ba da albashi, da ɗaki a bariki, da asibiti. Ga kuma 'ya'yan bariki da na unguwannin da ke kewaye da shi, waɗanda suka buɗi ido suka ga kaki. Abokai biyar da suka yi ƙwallo a fili ɗaya kan cike fom tare, shi ya sa in rashi ya zo yakan faɗo wa layi ɗaya fiye da sau ɗaya.

Inda sunaye ke zubewa

Wuri na farko shi ne teburin akawun ɗaukar soja na zamanin Turawa. Ba a tambayar sunan uba ko na unguwa. Sunan yanka ake rubutawa, a liƙa masa sunan gari: wane Kano, wane Sakkwato, wane Bauci, wane Dikwa. Sau da yawa garin ma ba nasa ba ne, inda aka ɗauke shi ne, ko babban garin da Baturen ya sani. Mutane da dama daga ƙabilun tsakiyar Nijeriya, da na Cadi da Nijar, sun shiga da sunan Hausa don a karɓe su. Wasu sun sauya suna da gangan don kada iyaye ko ubangida su gano su. Sakamakon haka, a bataliya guda za a iya samun mutum biyar masu suna ɗaya, lamba ce kaɗai ke raba su. Iyalin da ba su riƙe lambar ba, sun rasa zaren.

Wuri na biyu shi ne nuna bambanci ƙiri-ƙiri. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen rainon Ingila, wadda aka kafa a 1917 kuma ake taƙaita sunanta da CWGC, ta yi alkawarin cewa kowane mamaci za a rubuta sunansa, ba bambancin muƙami ko launi. A watan Afrilun 2021 wani kwamiti da ita kanta ta kafa ya bayyana cewa ba a cika alkawarin ba. Aƙalla mutum 116,000, ƙila har 350,000, akasarinsu 'yan Afirka da Misirawa da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba. Wasu 45,000 zuwa 54,000 kuma an tuna da su amma ba daidai da Turawa ba. Hujjar jami'an mulkin mallaka a lokacin ita ce wai baƙar fata ba zai san darajar dutsen kabari ba. Ministan tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a majalisa. Kada a manta, mutanenmu sun yi wannan yaƙi a Garwa da Mora cikin Kamaru tsakanin 1914 da 1916, sannan aka kwashe su zuwa Afirka ta Gabas, kuma 'yan dako da ke ɗauke wa soja kaya sun fi kowa mutuwa ba tare da an rubuta su ba.

A yaƙin Hitila an ɗan fi kiyayewa. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda aka haɗa a 1943, sun fafata da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan na ƙasar Bama, suka karɓe Myohaung a Janairun 1945. Waɗanda aka rasa gawarsu, sunayensu na cikin kusan 27,000 da aka zana a ginshiƙan maƙabartar Taukkyan, kusa da birnin Yangon. Suna nan a rubuce, amma a ƙasar da jikokinsu ba za su taɓa takawa ba. Abin da ya dawo gida sunayen wuraren daga ne: Barikin Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Letmauk a Ibadan, Arakan, Tamandu da Myohaung a Legas, Burma Camp a Akara. Mutane na wucewa ta ƙofarsu kullum, kaɗan ne suka san cewa kowane suna wuri ne da aka binne 'yan uwansu.

Sojojin da Faransa ta ɗiba daga yankunan da ta mallaka, har da Nijar, labarinsu ya fi ɗaci. A sansanin Thiaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamban 1944, sojojin Faransa sun buɗe wa waɗanda suka dawo daga yaƙi wuta saboda sun nemi haƙƙinsu. Faransa ta daɗe tana cewa 35 ne suka mutu, masana tarihi na cewa sun ninka haka, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda ya kira abin kisan kiyashi.

Wuri na uku namu ne, ba na Bature ba. A yaƙin basasa an ɗauki mutane cikin gaggawa, an horar da su makonni kaɗan, an binne da yawa inda suka faɗi. A yaƙin Arewa maso Gabas kuwa, adadin kansa ya zama abin jayayya. Bayan harin Metele na Nuwamban 2018, rundunar soja ta ce mutum 23 ta rasa, kafafen labarai da dama suka kawo adadin da ya zarce haka nesa. In ana gardama a kan lissafi, ina maganar suna? Wanda ya yi fice, kamar Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali da aka kashe a Malam Fatori a Nuwamban 2016, ƙasa ta san shi, kuma ya cancanta. Sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta jihar Delta a Maris na 2024, an bayyana sunayensu da hotunansu, an binne su a maƙabartar sojoji ta Abuja a gaban shugaban ƙasa. Wannan ya nuna ana iyawa in an so. A Nijar, bayan Inates a Disamban 2019 inda aka rasa 71, da Chinagodar a Janairun 2020 inda aka rasa 89, gwamnati ta faɗi adadi ta kuma ayyana zaman makoki na ƙasa. Amma mafi yawan kurata ba a irin wannan babban hari suke mutuwa ba. Biyu ne a kwanton ɓauna, uku a kan nakiya, ɗaya a asibiti bayan wata guda. Su ne ba sa shiga labarai.

Abin da wasu talakawa suka yi da hannunsu

A Ingila an taɓa ɗibar abokai 'yan gari ɗaya a zuba su bataliya guda. Ta garin masaƙa na Accrington ta shiga daga a Somme ta ƙasar Faransa ranar 1 ga Yulin 1916 da mutum wajen 700, fiye da 580 suka mutu, ko suka ji rauni, ko suka ɓace a safiya ɗaya. A wannan shekara mazauna unguwannin talakawa na gabashin Landan suka fara kafa alluna a bangon layinsu, ɗauke da sunayen 'ya'yan layin. Ba su jira gwamnati ba. Na layin Cyprus da ke Bethnal Green yana nan har yau. Abin ɗauka a nan ba allon ba ne, tsarin ne: waɗanda suka san mutum su ne suka rubuta shi.

Ɓangarorin da ke ja da juna

Malamai da yawa ba su yarda da ajiye furanni, da tsayuwar shiru, da sunkuyawa gaban mutum-mutumi ba, kuma hujjarsu a fili take: an hana gini a kan kabari da shafe shi, an hana sassaƙa siffar mai rai. Akwai kuma taka-tsantsan wajen yanke wa wani mutum takamaimai hukuncin shahada, domin Allah ne ya san niyya, sai dai a yi masa fata. Waɗannan maganganu ne masu nauyi, bai kamata a yi musu kallon ƙauyanci ba. Sai dai ba su hana riƙe suna ba. Sahabbai 14 da suka yi shahada a Badar da kimanin 70 na Uhudu, malaman tarihi sun jero su da sunan uba da na ƙabila, har yau ana karantawa. Annabi (SAW) ya aza dutse a kabarin Usman ɗan Maz'un don ya riƙa gane shi. Littafin sunaye, da addu'a, da kula da marayu, ba inda suka ci karo da wannan. Kiristocin unguwa kuma suna da tasu hanyar ta addu'ar tunawa a coci, kuma littafi ɗaya zai ɗauki kowa.

Ɓangare na biyu masu ciwo ne. Wanda aka tafi da ɗansa Barikin Giwa na Maiduguri bai dawo ba, ko wanda ya binne 'yan uwa bayan abin da ya faru tsakanin soja da 'yan Shi'a a Zariya a Disamban 2015, ko bayan jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri a Disamban 2023, in ka ce masa ya zo a karrama soja, dole ya dube ka. Amsar gaskiya ita ce, rubuta sunan kurtun da ya mutu ba wanke rundunar ba ne daga abin da ake tuhumarta. Unguwar da ta ga dama tana iya buɗe babi na biyu don fararen hular da yaƙi ya ci, da na uku don 'yan sa-kai da 'yan banga da mafarauta, waɗanda ba su da lamba balle fansho.

Na uku batun tsaro ne. Rundunar kan ce bayyana asara na karya gwiwar soja yana ƙarfafa abokan gaba. Jinkirin kwanaki don a fara sanar da iyali abu ne mai ma'ana. Shirun shekaru kuwa ba shi da hujja, domin sojan da ke bakin daga ya fi kowa sanin wa ya mutu, kuma yana kallon yadda aka yi da iyalinsa.

Yadda unguwa za ta haɗa littafinta

Ba aikin kuɗi ba ne. Ana bukatar mutum shida zuwa bakwai: mai unguwa ko wakilinsa, liman, fasto in akwai coci, tsohon soja guda da ya san muƙamai da sunayen bataliyoyi, matashi mai kyan rubutu da waya mai kyamara, da mata biyu. Matan dole ne. Rabin labarin yana hannun iyaye mata da zawarawa, kuma namiji ba zai shiga wurin mai takaba ya zauna yana tambayoyi ba.

A sayi babban littafi mai kauri, kowane soja shafi guda. A rubuta sunan da gida suka sani, da laƙabinsa, da sunan da soja suka rubuta in ya bambanta. Sai lambar soja, muƙami, bataliya, shekarar shiga, wuri da ranar rasuwa, inda aka binne shi. A ƙasa a sa wanda ya ba da bayanin da takardar da aka gani. Lambar ita ce gishirin aikin. Ana samunta a katin shaida, takardar albashi, takardar sanar da rasuwa, ko littafin sallama. Lambobin yabo na Yaƙin Duniya na Ɗaya na ɗauke da suna da lamba a gefensu, amma tauraron Bama, wato lambar yabon waɗanda suka yi yaƙin Bama, yawanci bayansa ba rubutu, don haka kada a dogara da shi. Wanda ya mutu a yaƙin duniya, a shiga shafin intanet na CWGC, kyauta ne, a gwada sunan da rubutu iri-iri, domin Bature na iya rubuta Garba da Garuba, Audu da Abdu, Mamman da Momo.

Kada a karɓi takardar asali daga hannun kowa, a ɗauki hotonta a mayar nan take. Duk abin da ba takarda, sai an ji daga baki biyu da ba gida ɗaya ba. Tsofaffi ba sa riƙe shekara da lamba, da abin da ya faru suke riƙewa, don haka mai rubutu ya san cewa komawa tuƙin dama 1972 ne, canjin kuɗi zuwa naira 1973, kisan Janar Murtala 1976. A raba shafukan gida uku: wanda aka tabbatar da rasuwarsa, wanda ya ɓace, da wanda ya rasu daga baya saboda rauni. Haɗa na biyu da na farko babban kuskure ne. Akwai uwar da har gobe tana jiran sallama a ƙofa, ba hurumin kwamiti ba ne ya yanke mata.

Abubuwan da ke ɓata irin wannan aiki sanannu ne. In aka fara karɓar kuɗi, za a fara zargi. In ɗan siyasa ya ɗauki nauyi, rabin unguwa za su janye. In ba a faɗa tun farko cewa ba rabon tallafi ake yi ba, za a kawo sunayen ƙarya, a kuma yi fushi daga baya. In aka jera sunaye bisa muƙami, an maimaita abin da ake kuka da shi, gara a bi shekarar rasuwa. Raɗe-raɗin cewa wane gudu ya yi ba ya shiga littafi. Kwafin da za a karanta a bainar jama'a kada ya ɗauki adireshi, lambar waya ko sunayen 'ya'ya, musamman inda 'yan bindiga ke da masu kai musu rahoto. A yi kwafi uku a ajiye a wurare daban, saboda gobara da gara da ambaliya. Karanta suna arba'in a tsanake, da addu'a, ba zai wuce minti goma bayan sallar Juma'a ba.

Abin da littafin zai amfana wa masu rai

Iyalin sojan da ya mutu a bakin aiki suna da haƙƙoƙi: kuɗin inshorar rai, kuɗin rasuwa da ke bi ta hukumar fanshon soja, da tallafin karatun yara. Abin da ya fi tsayar da biya shi ne takarda. Sunan da ke fayil ɗin soja ya saɓa da na banki ko na katin ɗan ƙasa da harafi ɗaya, sai a yi wata shida ana zirga-zirga. Matar da aka ba wa'adin barin ɗakin bariki, ga goyo, ba ta san ofishin da za ta nufa ba. Tsohon sojan da ke cikin kwamiti ya san hanya, kuma shafin da aka riga aka cike ya tara duk abin da za a tambaye ta.

Sai matsalar magajin da soja ya rubuta a fom. Kurtu kan cike fom ɗin yana saurayi, ya sa sunan mahaifi ko yayansa, ya yi aure ya haifi uku bai sauya ba. Wanda aka rubuta shi hukuma za ta nema, amma a shari'ar Musulunci wannan bai mai da shi mai dukiyar ba. Amana ce a hannunsa har a raba wa magada, kuma nan ne gidaje da yawa ke rabuwa. Matar wanda ya ɓace kuwa tana tsaka mai wuya: ba ta shiga takabar wata huɗu da kwana goma ba, ba ta kuma da miji a ɗaki. Dokar shaida ta Nijeriya na ɗaukar mutum a matsayin matacce bayan shekara bakwai ba labarinsa. A mazhabar Malikiyya alƙali kan yanka wa matar wanda ya ɓace shekara huɗu daga ranar da ta kai ƙara, wanda ya ɓace a fagen yaƙi kuma yana da nasa hukuncin dabam. Ko ta wace hanya aka bi, abin da alƙali zai fara tambaya shi ne yaushe aka yi masa ganin ƙarshe, a ina, kuma wa ya shaida.

Saboda haka kwamitin da ya gama da shafukan mamata, sauran aiki guda ya rage masa: ya bi gidajen da ke da ɗa a bakin daga yanzu, a karɓi lambarsa da sunan bataliyarsa a ajiye wurin iyaye da matarsa, a kuma tuna masa, in ya zo hutu, ya je ofis ya sabunta sunan magajinsa.